Abincin Daren Da Ya Sauya Wani Sojan Masar

Duk sanda na taso daga Unguwar Shanu na doshi gadar kogin Kaduna, wadda tun rikicin 2000 ta zama tamkar iyaka tsakanin Musulmi da Kirista, sai Pakomiyus ya faɗo mini a rai.

Bamisire ne, ɗan masu bautar gumaka, an haife shi wajajen shekara ta 292. Yana da kimanin shekara 20 Rumawa suka ɗebe shi aikin soja ala tilas, suka kulle shi da wasu samari a wani gari a bakin Nilu. Da almuru sai ga mutanen gari da abinci. Ya tambayi ko su wane ne, aka ce masa Kiristoci ne, haka suke yi wa kowane baƙo. Ba su san shi ba, ba su kuma tambayi addininsa ba; nan ne labarin ya fi tsaya mini.

Da aka sallame shi ya karɓi baftisma, ya lazimci wani tsoho mai gudun duniya, Palamon. Kaɗaici bai gamsar da shi ba. A Tabennisi ya tara masu ibada ƙarƙashin doka guda: addu'a tare, aikin hannu tare, akushi ɗaya. Kafin annoba ta ɗauke shi, gidajen sun kai 9 na maza, 2 na mata.