Guacamole: Miyar Fiya da Asalin Sunanta

Fiyar da 'yan kayan marmari ke kasawa a Ƙofar Ran cikin garin Bauchi galibi daga wurare masu sanyi irin su Filato ake kawo ta, amma asalin itacen ƙasar Meksiko ne. Daga can ne kalmar "guacamole" ta fito, ana furta ta "gwakamole".

A harshen Nahuwatal na mutanen Aztek, "ahuacatl" shi ne fiya, "molli" kuwa miya ce. Idan aka haɗa su sai a sami "ahuacamolli", wato miyar fiya. Turawan Sifen da suka ci daular Aztek a 1521 ne suka karya kalmar a bakinsu ta zama guacamole. Mu ma haka muka yi, domin "fiya" daga kalmar Ingilishi "pear" muka aro ta.

Haɗinta ba wuya. A dama naman fiya mai laushi da gishiri, albasa, tumatir da attarugu, a matsa lemun tsami. Tsamin ne ke jinkirta baƙin da fiya ke yi idan iska ta taɓa ta.

Abin lura ga malaman gona shi ne fiya ba ta nuna a kan bishiya, sai bayan an tsinke ta. A tsinke ta idan ta ƙosa tana da tauri, domin a zafin Bauchi kwanaki kaɗan take yi ta yi laushi. Wadda ta yi laushi har mai saye ya ƙi ta, muddin ba ta ruɓe ba, ita ce ta fi dacewa da wannan miya, bai kamata a zubar da ita ba.