Abin da Rediyonka Ke Faɗa Game da Cajarka

Mai sauraron rediyo a Janfalan ko Hunƙuyi ya san wannan shashshakar. Ana tsakiyar labarun Rediyon Najeriya Kaduna, sai wani ya jona cajar kwamfuta ko ta waya a ɗakin, murya ta nutse cikin ƙara. Yawanci tashar ake zargi, ko a ce batir ne ya yi sanyi. Sau da yawa laifin na cajar ne.

Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, kwamfuta kuwa bolt 12 da 5 da 3.3 take sha, ta tafi-da-gidanka wajen 19. Akwatin da ke rage wutar yana datse ta ne sau dubbai cikin daƙiƙa guda, wannan datsewar kuma ita ke haifar da hayaniyar da ke bin waya ta bazu cikin gida. Shi ya sa kamfanin kirki ke sa matata a ciki, ya kai kayan ɗakin gwaji a auna hayaniyarsu daga kilohaz 150 zuwa megahaz 30. Tashoshin matsakaicin zango da na gajeren zango duk a wannan tsakanin suke.

Ƙarar rediyo dai ba ta kisa. Abin tsoron shi ne wanda ya cire matata don ya rage kuɗi, da wuya ya tsaya nan. A ɗakin gwaji ana haɗe wayoyin fitar wuta da gangan a ga ko akwatin zai kashe kansa. Ana ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa, ana barinsa ya yi zafi, ana kuma danna masa wuta ta kusan bolt 3,000 a ga ko za ta tsallake zuwa ɓangaren da hannun mutum ke taɓawa. A 2016 kamfanin gwaji na UL da ke Amurka ya yi wa jabun cajojin Apple 400 irin wannan gwajin. Uku kacal suka ci gwajin.

Mu kuwa wutarmu ba ta da tabbas: ta kamfanin Kaduna Electric ta zo da rauni yau, gobe ta dawo da ƙarfi, a koma janareta, a koma sola. Mai shagon caji a kasuwar Makarfi da ya jera wayoyi talatin a kan katako ɗaya, wayoyin jama'a ne amana a hannunsa, shagon kuma kusa da jarkar fetur yake.

Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ce ke da alhakin tantance irin waɗannan kaya da ake shigowa da su, ƙarƙashin tsarin SONCAP. Amma tambarin da aka buga a jikin caja ba hujja ba ce, mai jabu ma ya iya buga tambari. Idan za ka saya a Sabon Garin Zariya ko titin Beirut a Kano, ɗaga ta ka ji. Wadda ta yi sakayau fiye da kima, akwai abin da aka cire a cikinta. Karɓi rasit. A gida, kunna rediyo a inda babu tasha, ka jona cajar, ka ja da baya taku biyu ko uku. Mai kyau ma takan yi ƙara in an kusanta rediyon da ita, amma wadda ƙararta ta cika ɗaki, mayar da ita. Shirunta dai bai isa shaidar lafiyarta ba.

In caja ta fara fizgar hannu, ko tana warin ƙuna, ko ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, cire ta nan take. Kada a ɗaure fiyus da waya in ya ƙone. Kada kuma yaro ya buɗe akwatin wutar kwamfuta don an zare shi daga soket, domin akwai abin da ke riƙe wuta sama da bolt 300 a cikinsa ko bayan an cire.