Musayar tsohuwar mota a Kebbi: Ciko, ajin mota da takardu

Bayar da tsohuwar mota a cika kuɗi a karɓi wata ya zama hanyar da ma'aikata da 'yan kasuwa da manoman shinkafa da dama ke bi wajen sauya abin hawa a Birnin Kebbi da Argungu, tun bayan da faɗuwar darajar naira ta sa sayen mota da tsabar kuɗi ya gagari mai matsakaicin hali.

Kafin watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi, ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a hukumance. A cikin 2024 sai da ta haura naira 1,500.

Da yake galibin motocin ƙasar shigo da su ake yi, farashinsu ya bi dala. Ita ma tsohuwar motar da ke ƙofar gida ta ƙara daraja, har ta zama jarin da mai ita zai tunkari dila da shi.

Ma'anar sabuwa

A watan Maris na 2020 an yi tseren motoci daga Abuja zuwa Argungu albarkacin bikin kamun kifi, aka nuna motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Hukumar da ta shirya tseren tana ƙarƙashin Jelani Aliyu a lokacin, wato tsohon ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi da ya yi suna wajen zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka.

Sai dai irin waɗannan motoci dal a leda, gwamnati da manyan kamfanoni ne suka fi sayensu. A wajen akasarin masu saye, sabuwa ita ce wadda aka yi amfani da ita a Amurka ko Turai amma ba a taɓa hawa ba a Najeriya, wadda ake kira 'yar Kwatano ko Beljiyam.

Yadda ake musayar

A musaya ciniki biyu ne ake ƙullawa a zama ɗaya: dila yana sayen tsohuwar, yana kuma sayar da sabuwar. Abin da ke tsakanin farashin biyun shi ne ciko.

Dila ba zai sayi tsohuwar mota a farashin kasuwa ba, domin zai yi mata gyara da fenti, ta yi makonni a ajiye, ya biya dillalai la'ada, sannan ya nemi riba. Mai motar yana rasa wani abu, amma yana huta wa yawon neman mai saye.

Matsalar tana tasowa ne idan aka cakuɗa cinikin biyu. A ƙaddara cewa tsohuwar ta kai naira miliyan 4, sabuwar kuma miliyan 11, ciko miliyan 7 ke nan. Idan dila ya yi wa tsohuwar kuɗi miliyan 4 da rabi, ya ɗaga sabuwar zuwa miliyan 12, mai motar zai fita yana murnar an yaba motarsa, alhali ya ƙara biyan naira dubu 500.

Saboda haka ya fi dacewa a fara daidaitawa kan farashin sabuwar kamar da kuɗi za a saya, kafin a kawo zancen musaya. Haka kuma yana da kyau a kai tsohuwar wurare biyu ko uku a ji tayi, ko da kuwa sai an dangana da Sakkwato, inda kasuwar motoci ta fi girma.

Haruffan bayan mota

Kamfanoni kan ƙera samfuri ɗaya a aji daban-daban, kuma haruffan da ke manne a bayan motar ne ke nuna ajinta. Waɗanda suka hau Peugeot 504 da 505 na masana'antar Kaduna za su tuna bambancin GR da SR.

Toyota Corolla da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 2003 zuwa 2008 ta zo da CE, wato mafi sauƙi, da LE mai ƙarin kayan jin daɗi, da kuma S mai ado irin na motar tsere. Duka ukun injinsu ɗaya ne, mai lita 1.8.

Camry ta 2007 kuwa tana da CE da LE da SE da XLE. Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda 'yan Najeriya suka laƙaba wa End of Discussion, tana da LX da EX, baya ga wasu.

A waɗannan biyu bambancin bai tsaya ga kujerun fata da rufi mai buɗewa ba. Akwai masu inji mai fulogi huɗu, lita 2.4, akwai kuma masu fulogi shida, wato lita 3.5 a Camry, lita 3.0 a Accord. Wadda ta tara komai ita dillalai ke kira ful ofshin, kuma ita suka fi zugawa.

Abin da hanya ke buƙata

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, girman inji ya zama babban abin dubawa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce naira 1,000 a watan Oktoban 2024.

Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Ma'aikacin da ke zuwa ya dawo kullum yana cin kilomita 100, kuma idan babban inji ya fi ƙarami shan lita biyu kacal a wannan tafiya, a kwana 20 na aiki lita 40 ke nan, a shekara kusan lita 480.

Taya ma abin lura ce. Camry SE ta 2007 tana da wili mai inci 17 da shokazoba mai tauri, yayin da LE ke da inci 16. Taya mai kaurin gefe ta fi jure rami da hanyoyin fadamar gulbin Rima, kuma ta fi araha idan an zo sauyawa.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40 a wannan yanki. Kujerar fata tana ɗaukar zafi, tana kuma tsagewa idan mota na yini a rana, shi kuwa rufi mai buɗewa robarsa kan bushe ya riƙa yoyo da damina. Na'urar sanyaya mota mai lafiya ta fi su duka amfani.

Sannan duk wata na'urar lantarki da aka ƙara wa mota, wata ƙofa ce ta lalacewa. Idan kayan gyaranta ba ya samuwa a gari, sai an aika Kano ko Legas, motar kuma tana ajiye a wurin bakanike.

Wannan ya sa matsakaicin aji, irin LE ko LX mai fulogi huɗu, ya fi dacewa da mai hawa kullum, kuma ya fi saurin samun mai saye ranar da za a sake musaya. Babban aji yana da ma'ana ga mai yawan doguwar tafiya da iyali da kaya, wanda kuɗin mai bai dame shi ba.

Lambar shasi da takardu

Haruffan bayan mota ana sayensu a kasuwa a manna, don haka ba su isa hujja ba. Abin dogaro shi ne lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba.

A motocin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekarar samfurin: 7 na nufin 2007, A kuma 2010. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta, misali J ga Japan, 2 ga Kanada. Da wannan lamba ana iya bincikawa a intanet ko motar ta taɓa yin mummunan haɗari, ko ambaliya ta ci ta, kamar ɗimbin motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Amurka a 2017.

Jihar Kebbi tana iyaka da Jumhuriyar Benin da Jumhuriyar Nijar, kuma an daɗe ana shigo da motoci daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta wannan ɓangare. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, abin da ya ƙara yawan motoci masu takardun bogi.

Motar da ba a biya mata cikakken harajin kwastan ba, ana iya kama ta a hanya ko da ta yi shekaru a hannun mai ita. Ana iya tantance takardun a ofishin kwastan kafin a biya ciko.

Ita ma tsohuwar motar tana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da shaidu da sauya sunan mallaka. Muddin tana ɗauke da sunan tsohon mai ita, shi za a fara nema idan aka yi laifi da ita.

Ta fuskar shari'a

Malaman fiƙihu ba su sa mota cikin kayan da riba ke shiga musayarsu ba, kamar zinariya da azurfa, don haka mota da mota tare da ciko ciniki ne halal idan an san farashi kuma an yarda.

Abin da suka hana shi ne ɓoye aibi, ko rage maleji, ko ƙara ruwa a kan cikon da aka jinkirta biya. Hukuncin ya hau kan dila, ya kuma hau kan mai kawo tsohuwar mota da ya san giyarta na da matsala ya yi shiru.