Allurar Sin da Ciwon Gwiwa: Abin da Take Yi da Abin da Ba Ta Yi

Idan gwiwarku tana ƙagewa da asuba, tana ƙara idan kun tashi daga zaune, ko zaman tahiya ya zame muku wahala, mai yiwuwa guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwan gaɓar ne ya zaizaye. Wannan shi ne abin da jama'a ke sakawa cikin "sanyin ƙashi". Ya fi samun waɗanda suka manyanta, musamman mata, da masu ƙiba, da waɗanda suka taɓa jin rauni a gwiwa.

A 'yan shekarun nan mutane da yawa suna tambaya game da allurar Sin, wadda ake kira akufanca. Tsohuwar hanyar jinya ce ta ƙasar Sin. Ba ruwan magani ake ɗurawa ba. Allurai ne sirara ƙwarai, ba su da rami, ana tsira su a wasu zaɓaɓɓun wurare kewaye da gwiwa da ƙafa, a bar su kamar minti 20 zuwa 30, sannan a zare. Wasu masu jinya suna haɗa su da lantarki mai rauni. Akan maimaita sau ɗaya ko biyu a mako har tsawon makonni.

Shin tana aiki? A shekarar 2006 an wallafa wani babban bincike da aka yi a Jamus kan masu ciwon gwiwa fiye da 1,000. Bayan makonni 26, kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar yadda ka'ida ta tanada sun sami sauƙi, alhali kashi 29 ne kawai suka samu cikin waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba. Sai dai akwai rukuni na uku, waɗanda aka tsira wa allurai sama-sama a wuraren da ba na ka'ida ba, su ma kashi 51 sun sami sauƙi. Ke nan wani ɓangare na amfanin yana zuwa ne daga kulawar mai jinya da kyakkyawan zaton majinyaci. Shi ya sa masana suka rabu: ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta amince da ita bisa sharaɗi a 2019, hukumar da ke tsara ka'idojin jinya a Ingila kuwa ta ce a 2022 kada a ba da ita don wannan ciwo.

A ganina, za ku iya gwada ta a matsayin ƙari idan kuna da hali, amma ku sani ba ta mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Duk wanda ya yi muku alkawarin warkewa baki ɗaya, kuɗinku yake nema. Idan an yi makonni shida babu wani canji, ku dakata.

Abin da ya fi damuna shi ne tsabta. Allurar da aka yi wa wani amfani da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau, kamar yadda askar wanzami ke yi idan ba a sauya ta ba. Ku nemi a buɗe sabon ƙunshi a gabanku, kuma ku tabbata mai yin aikin yana da horo da izinin hukumar lafiya ta ƙasar da kuke. Kada a rikita muku ita da sakiya ko tsaga. Waɗannan suna iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin gaɓa. Masu ciwon sukari, da masu shan maganin tsinka jini, da masu juna biyu, su fara tuntuɓar likita. Idan kuwa gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, to asibiti za a nufa a ranar.

Maganin da masana suka haɗu a kansa ba ya buƙatar ko sisi. Ku zauna a kujera, ku miƙe ƙafa ɗaya, ku ƙirga goma, ku sauke a hankali. Sau goma kowace ƙafa, safe da yamma. Tsokar cinya idan ta yi ƙarfi tana ɗauke wa gwiwa nauyi. Kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Sandar dogarawa kuma a riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren gwiwar da ke ciwo ba.