Mai Ƙafa Ɗaya da Ta Ci Zinare a Abuja

Mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum, da duk mai jin mu a gona ko a bakin gulbi, a matso kusa da rediyo. Yau shirin namu na ninkaya ne, kuma za mu fara daga Abuja.

A watan Oktoban 2003 Najeriya ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashen Afirka. Da aka zo tseren ninkaya na mata na mita 800, sai ga wata budurwa 'yar Afirka ta Kudu, mai shekara 19, ta zo bakin ruwa ta cire ƙafar roba ta ajiye. Duk waɗanda ke jere da ita ƙafa biyu gare su, domin gasar ta masu cikakkiyar lafiya ce. Tsawon tafkin mita 50 ne, ke nan sai an keta shi sau 16. Kowane juyi, sauran suna tokare bango da ƙafa biyu su cilla kansu gaba, ita kuwa da ɗaya take tokarewa. Duk da haka ita ta fara taɓa bango. Ku ji da kyau, ita ta fara taɓa bango, ta ɗauki lambar zinare. Sunanta Natalie du Toit.

An haife ta a birnin Cape Town a 1984, kuma tana da shekara 14 ta wakilci ƙasarta a wasannin ƙasashen renon Ingila na 1998. A watan Fabrairun 2001, ta taso daga atisaye za ta makaranta a kan ɗan babur ɗinta, mota ta kwashe ta. Likitoci suka yanke mata ƙafar hagu daga gwiwa.

To ga abin da ya fi ɗaure mini kai. Bayan kamar wata uku ta koma ruwa, tun ba ta koyi tafiya da sabuwar ƙafa ba. Ta iya iyo kafin ta sake iya takawa! Wanda ya taɓa iyo a gulbi ya san aikin ƙafa: ita ke daidaita jiki, ita ke hana mutum karkacewa. Da babu guda, sai nauyin ya koma kan kafaɗa da damtse. Shi ya sa dogon zango ya fi karɓar ta, inda numfashi da ƙarfin hannu suka fi bugun ƙafa tasiri. Kuma ba a shiga tsere da ƙafar roba, da jikin da Allah ya bar maka za ka shiga.

A 2002, a Manchester ta Ingila, ta kai zagayen ƙarshe na mita 800 tare da masu lafiya. A 2008 ta samu gurbi a gasar Olamfik ta Beijing, tseren kilomita 10, kusan awa biyu cur a cikin ruwa. Ta zo ta 16, kuma tazararta da wadda ta lashe ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. A shekarar, ita ta riƙe tutar ƙasarta a bukin buɗe Olamfik da kuma na nakasassu.

Lokaci na hararar mu, sai mu gaggauta. A gasar Olamfik ta nakasassu ta ci zinare biyar a Athens a 2004, biyar a Beijing, uku a Landan a 2012, jimla 13, sannan ta yi ritaya.

A nan gida kuwa, muna da gulbin Zamfara da gulbin Ka, muna da yaran da shan-inna ko haɗarin babur ya taɓa, kuma galibi abin da muke miƙa musu kwanon bara ne. Hatsarin kwalekwalen da ya ci rayukan manoma a Gummi a watan Satumban 2024 ya isa ya nuna mana iyo ya wuce wasa. Kiranmu ga ma'aikatar wasanni ta jihar Zamfara da sarakunan ruwanmu shi ne a koya wa yara iyo a wuri mai tsaro, kuma in an tashi rubuta sunaye, a sa masu nakasa a ciki.