Gonar da ba a son ta ƙoshi

Ƙarfe shida saura kwata na safe, a makon ƙarshe na watan Maris, fitila ɗaya ce ke ci a duk faɗin filin, ita ce ta rumfar ma'aikata da aka ɓoye bayan wani tudun yashi don kada 'yan wasa su hango ta. Filin golf ne na wani ƙaramin gari a gaɓar Faif, gabashin Sikotlan, ba nisa da Sent Andurus. Mutum shida ke kula da shi. Na iske biyar sun kewaye butar shayi, kowa ya cusa hannu a hammata. Na shidan, wato shugabansu, yana waje a tsugune cikin duhu, ya soka wani siririn ma'aunin zafi a ƙasa yana haska shi da fitilar waya. Digiri 5. Ya zare shi, ya goge a wando, ya shigo ya shaida musu yau ma ba ta farka ba. Ciyawar yake nufi.

Mukan kira wannan lokaci nasu bazara, amma sunan kawai muka ara musu. Bazararmu zafi ce mai sa mutum kwana a tsakar gida. Tasu sanyi ne da ya fara sassautawa, yini na ƙara tsawo, iskar gabas na tasowa daga Tekun Arewa tana yankar kunne. Sai zafin ƙasa ya haura digiri 6 zuwa 8, ya kuma zauna haka kwanaki a jere, sannan ciyawa ke tashi da gaske. Duk wani babban aiki yana jiran wannan, domin aikin rauni ne za a yi wa ciyawar, kuma raunin da aka yi mata tana barci ba ya warkewa.

Ramuka 18 ne a filin, adadin da ya samo asali daga Sent Andurus, inda aka rage su daga 22 a shekarar 1764. Kowane rami yana cikin wani dandamali na lallausar ciyawa da suke kira girin. Tsakanin inda ake fara bugu da girin akwai dogon fage da aka aske, a gefe da gefe kuma ga ramukan yashi da aka haƙa don su kama ƙwallon wanda ya kauce. In ka haɗa girin 18 ɗin nan duka, da ƙyar su wuce hekta ɗaya, amma su ke cinye mafi yawan lokacin mutanen nan shida, su ne kuma ke hana shugaban barci.

Ni da na tashi a gidan noma, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne taki. Na duba ko'ina a rumbun ajiya ina neman buhuna jibge, na ga 'yan kaɗan a lungu. Da na tambaya, shugaban ya yi dariya, ya ja ni zuwa girin na uku, ya durƙusa ya ware ciyawar da yatsa. Ashe iri biyu ne ke zaman doya da manja a wurin. Akwai sirara masu ganye kamar allura, feskyu da bent, 'yan asalin wannan gaɓa, waɗanda suka saba da yashi da fari da yunwa, suna tura saiwa can ƙasa. Akwai kuma wata mai kore shar da masana ke kira Poa annua, mai gajeriyar saiwa, mai son ruwa da abinci, wadda ke fidda kai a watan Mayu ta sa ƙwallo tsalle-tsalle, cuta kuma ta fi kama ta. Da zarar ka wadata ƙasa da taki da ruwa, ita ce za ta mamaye wurin ta kori masu gida. Saboda haka sana'ar mutumin nan ita ce ya riƙe gonarsa cikin talauci da gangan, ya ba ta abin da zai hana ta mutuwa kawai. Na tuna yadda mahaifina ke bin Fulani yana roƙon su sauka da shanu a gonarsa bayan kaka, na ce a raina da zai ga wannan da ya ce an yi wa mutanen asiri.

Kwana tara bayan haka ma'aunin ya nuna digiri 8 safiya uku a jere, sai aka fito da injin huda. Ƙaramar tarakta ce ke jan sa a hankali, tafiyar da ba ta kai ta mai talla ba. A ƙarƙashinsa akwai jerin ƙarafa masu rami a ciki, kaurin ɗan yatsa ƙarami, suna sukar ƙasa suna fitowa da sauri har ido ba ya bin su. Duk suka ɗaya sai ta tofo ɗan curin ƙasa mai tsawon yatsa. Tazarar santimita 5 ce tsakanin huda da huda, wato huda 400 a kowace murabba'in mita, kusan 200,000 ke nan a girin ɗaya matsakaici. Wurin da ɗazu yake sumul kamar darduma ya koma kamar garken tumaki ya kwana a kai.

Na ɗauki curi ɗaya, yarinyar da ke koyon aiki a wurin ta nuna mini yadda ake karanta shi. Kwana ɗaya a mako takan tafi kwalejin Elmwud da ke garin Kufa, inda ake koyar da wannan sana'a, sauran kwanakin tana nan da shebur. A saman curin ga koren ganye. Ƙarƙashinsa ga wani abu ruwan ƙasa mai laushi kamar soso, kaurin farce biyu, sai yashi ya biyo. Wannan soson shi ne abokin gaba: matattun saiwoyi da ganye ne da suka taru ba su ruɓe ba. Yana riƙe ruwa a sama, yana hana iska shiga, a cikinsa ne fumfunar da ke yi wa girin tabo-tabo da kaka da hunturu ke samun wurin zama. Ga kuma dubban ƙafafu da suka danne ƙasar shekara guda. Hudar ita ce ke cire wani kaso na soson, ta buɗe wa saiwa hanyar numfashi.

Aka kwashe curin da shebur da baro, sannan aka kawo yashi. Busasshe ne, an tankaɗe shi, ƙwayarsa daidai da ta ƙasar wurin, domin in aka zuba wanda ya fi laushi sai ya yi shimfiɗa a tsakani ya tare ruwa. Aka watsa shi har kore ya ɓace, aka bar shi ya sha iska, aka ja wata tabarmar ƙarfe a kai, mutum uku kuma suka bi da tsintsiya mai faɗi suna tura shi cikin hudojin ɗaya bayan ɗaya. Na karɓi tsintsiya na gwada, kafin rabin awa kafaɗata ta amsa. Zuba yashi a kan ciyawa tsohuwar dabara ce a nan. Ana danganta ta da Tom Moris Babba, wanda ya riƙe filin Sent Andurus kusan shekara 40 ya ajiye aiki a 1903, ya rasu a 1908, kuma har yau hotonsa da farin gemu yana manne a bangon rumfar, kusa da jadawalin hutu. Wanda ya taɓa leƙa tsofaffin filayen golf na Arewa zai tuna cewa a wurare da dama ba a ma wahalar da kai da ciyawa a kewayen rami, yashi ne ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, a share wa ƙwallo hanya kafin a buga. A nan yashin yana ƙarƙashi, ciyawar ce ake lallaɓawa ta zauna a kansa.

Da hantsi masu filin suka fara isowa, nan ne na ga ɗaya ɓangaren aikin. Yawancinsu tsofaffi ne 'yan fansho da suka biya kuɗin shekara, suka yi wata biyar suna jiran sanyi ya wuce, ranar farko da rana ta fito kuma suka tarar an farfasa musu girin. Wani dattijo ya buga ƙwallo daga taku huɗu, ta yi ta karkarwa a kan yashi ta tsaya a rabin hanya. Bai ce uffan ba, ya dai juya ya zuba wa tarakta ido. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne gasar Mastas da ake yi a Ogasta ta jihar Jojiya a Amurka cikin watan Afrilu. Mutanen nan za su kwana huɗu suna kallon wani fili kore shar a talabijin, a ƙasa mai ɗumi da kuɗi da ma'aikata birjik, ran Litinin su zo suna tambayar me ya sa nasu ya yi fari-fari. A ganina shugaban yana da gaskiya, amma shi ma yana da nasa laifin: mutum ne da ya fi iya magana da ciyawa. Takarda mai layi biyu ya manna a ƙofar ɗakin canza kaya, ita ce duk bayanin da ya yi musu.

Aikin fage bai kai wannan wuya ba, yawa ne da shi. Tun daga Nuwamba 'yan wasa ke yawo da 'yar tabarmar roba suna ɗora ƙwallo a kai don kada sanda ta ɓantare ciyawar da ba za ta toho ba, yanzu ake shirin janye dokar. Ma'aikata na tafiya a jere da bokiti, suna cike kowane gurbi da yashi da aka gauraya da iri. Inda gansakuka ta yi yawa a fesa mata sinadarin ƙarfe, ta yi baƙi ta mutu. Aka kuma sake cika bututun ban-ruwa da aka zuƙe tun kaka don kada ƙanƙara ta fasa su, aka bi kowane kai ana duba inda ke yoyo.

Sai hankaki. A fage na goma sha ɗaya na ga wuri kamar an yi kaftu, ciyawa a tuge ko'ina. Tsutsar wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu ce ke cin saiwa a ƙarƙashi, tsuntsayen kuma suna tono ta. Da can feshi ɗaya ke gamawa da ita, amma an janye maganin, kulofirifos, daga kasuwar Birtaniya a 2016, aka bi da na tana a shekarar da ta biyo. A wannan fili dabara ta koma ta hannu: da yamma a jiƙa wurin a rufe da baƙar leda, tsutsar ta ɗauka dare bai ƙare ba ta hauro sama, da safe a yaye a share ta cikin baro. Na ga abin da aka kwaso daga girin ɗaya, ban ci abincin rana da daɗi ba.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne bakin wani ramin yashi da ake ƙarasa ginawa. A wannan gaɓa bangon ramin gini ne sosai. Ana yanko ciyawa da ƙasarta falle-falle, kaurin yatsa biyu zuwa uku, a jera sahu ɗaya, a cika bayansa da ƙasa a daddaɓe, a ɗora na gaba an ɗan ja shi baya kaɗan, haka har a kai sama. Mafi tsufa a cikin ma'aikatan ne ke yi, da igiya da katako da wuƙa, yana runtse ido ɗaya yana duba karkata, sak maginin tubali a kan katanga. In bangon ya miƙe da yawa zai rufto, in ya kwanta da yawa ƙwallo za ta gangaro waje, ramin ya zama na banza. Na ƙirga sahu 31 a wanda yake yi, ya kai mini ƙirji. Bayan 'yan shekaru iska da rana da yashin da sanduna ke watsawa za su cinye shi a sake sabo, kuma wanda ke fuskantar kudu ya fi saurin lalacewa don shi rana ke duka. Da hunturu ake yawancin ginin, bazara ta gyaran baki ce da ƙara yashi a ƙasan ramin har ya kai zurfin kusan santimita 10. Tsohon filin Sent Andurus yana da irin waɗannan ramuka 112. Ana cewa asalinsu gurabe ne da tumaki suka kwanta a ciki suna fakewa daga iska har ciyawa ta mutu, tsohon ma'aikacin dai ya ce shi bai taɓa ganin tunkiyar da ta iya jera sahu ba.

A ranata ta ƙarshe na dawo da asuba. Makanikensu ya kwana biyu yana wasa wuƙaƙen injin aski, domin yashi yana dakushe su. Ya saka tsinken takarda tsakanin wuƙa da ƙarfen ƙasa, ya juya da hannu, takardar ta rabu biyu ba tare da ta tauye ba, ya matsa gaba ya sake gwadawa a wani wurin. An saita injin a milimita 5, za a riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan har zuwa 4 in rani ya shigo. Yarinyar ta riga shi fita da wata doguwar sanda mai lanƙwasa tana kaɗe raɓa daga kan girin. A na uku hudojin sun fara rufewa, kore na leƙowa ta cikin yashi layi-layi. Shugaban ya murɗa ƙarfen yankan rami ya fitar da sabo, faɗinsa milimita 108 kamar yadda doka ta tsayar tun 1891, ya kai curin ya toshe tsohon ramin, ya danna da tafin takalmi har sai da na kasa gane wurin. Ƙayar da ke gefen fage ta yi fure rawaya, iska na kawo ƙanshinta mai kama da na kwakwa.

Muna komawa rumfa muka bi ta ramin yashin da tsohon ya gama jiya. Zomo ya haƙa rami a gindin bangon cikin dare, sahu uku na ƙasa sun zube. Tsohon ya tsaya ya dube shi, ya ajiye kofin shayinsa a kan ciyawa, ya aiki yarinyar ta ɗauko masa wuƙa da baro.