Filin Jirgin Saman Kano: Gidan Tarihin Da Ake Wucewa Ba A Dubawa

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san filin jirgin saman Kano. In bai taɓa sauka a can ba, to ya taɓa raka maniyyaci ko ya je taryen alhaji. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne cunkoso da jiran kaya da cinikin kuɗin tasi. Amma wanda ya koma wurin ya dube shi a tsanake zai ga ashe a cikin gidan tarihi yake tsaye, sai dai babu mai yi masa bayani.

Asalin labarin ba a wannan fili yake ba. Ran 1 ga watan Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, waɗansu jirage uku na sojan sama na Ingila suka sauka a filin sukuwar dawaki na Kano. Daga Halwan suka taso, kusa da Alƙahira, shugabansu kuwa wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Jiragen samfurin DH.9A ne, watau na katako da ƙyalle, fiffike ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, inji guda, mutum biyu kaɗai suke ɗauka, kawunansu a waje iska tana dukansu. Wannan saukar ita ake lissafawa farkon zuwan jirgin sama Nijeriya. Shi Coningham daga baya ya zama babban kwamanda a Yaƙin Duniya na Biyu, a 1948 kuma jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a tekun Atalantika, har yau ba a ga ko ɓurɓushinsa ba.

To, abin lura a nan shi ne hanyar da suka biyo. Sun bi Kogin Nilu, suka keta Sudan, suka ɓullo ta ƙasar Cadi. Wannan kuwa ba sabuwar hanya ba ce ga Bahaushe. Ita ce hanyar Gabas wadda kakanni suka yi ta bi da ƙafa da jaki da raƙumi, daga Kano zuwa Barno, zuwa Wadai da Darfur, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Mutum ya kan yi shekaru a hanya, yana noma yana ƙwadago don ya sami guzuri. Da yawa ba su komo ba. Ta nan jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, inda ake jin Hausa da Fillanci har gobe. Tafiyar da ta ci rayuwar mutane, jiragen nan ƙasa da mako guda suka yi ta. Ke nan Turawa ba su buɗe hanya ba, sawun alhazai suka bi ta sama.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Hartum da Kano. Sai daga baya a cikin shekarar aka miƙa hanyar zuwa Ikko. Mazauna kurmi su riƙe wannan: a harkar jirgin sama Kano ce ƙofar ƙasar nan kafin Ikko.

Da yaƙin Hitila ya ɓarke, aikin ya ƙaru. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. A can ake haɗa su, su tashi su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, su nufi Hartum da Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Bayan yaƙi kuma jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka suka mai da Kano zangon shan mai, 'yan kasuwar birni irin su Alhaji Haruna Kasim suka shiga jigilar alhazai. Maniyyatan Suleja, wadda a lokacin ita ake kira Abuja, Kano suke dosa su jira jirgi.

Filin yana da ranar baƙin ciki wadda ba a mantawa. Ran 22 ga watan Janairu 1973 wani jirgi Boeing 707 na ƙasar Jodan ya ɗauko alhazai daga Jidda. Ikko za shi, rashin kyawun yanayi ya sa aka juya shi Kano. Wajen sauka ya yi hatsari ya kama da wuta. Cikin mutum 202 da ke ciki, 176 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Akwai gidaje a Arewa da kurmi waɗanda har yanzu da wannan rana suke ƙirga shekarun marayunsu. Ya kamata a ce duk yaron makarantar da aka kai yawon buɗe ido filin ya fito da sanin wannan rana da ta 1925, ko da ɗaki guda ne aka keɓe aka jera hotuna da sunaye.

Zamani ya juya. An sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, amma manyan jirage na yanzu suna keta Sahara ba tare da sun tsaya shan mai ba. Hedkwatar ƙasa ta koma Abuja a 1991, mutumin Suleja ya sami filin jirgi a kusa da gida, a birnin da ya karɓi tsohon sunan garinsa. Kamfanin KLM na Holan, wanda ya fara sauka Kano tun shekarun 1940, ya daina zuwa a 2012.

Nuwamba 2025 ita ce cikar shekara 100 da saukar jiragen nan uku. Mai son ganin irinsu da idonsa sai ya je Landan, gidan tarihin sojan sama na Ingila da ke unguwar Hendon, inda aka ajiye DH.9A guda ɗaya ana share masa ƙura. Filin sukuwar da suka sauka kuwa yana nan a Kano, samari suna buga ƙwallo a cikinsa da yamma.